Awa Goman Injiniya Jibo

Duk wadda ta shiga ɗakin Ummi a Tudun Wadar Gusau, kafin ta ga gado ko labule, tukunyar take fara gani. Can saman kabet take zaune, fara tas, da murfin gilashi da igiyar wuta naɗe a bayanta. Gwaggo Hassana ce ta saya mata lokacin biki, ita da ta riƙe Ummi a Furfuri tun tana 'yar shekara huɗu. Ranar jere Gwaggo da kanta ta hau kujera ta ɗora ta, ta ɗiga jan farce uku a kan murfin kamar yadda take yi wa duk kwanon da ya fita daga gidanta, sannan ta sauko tana haki ta ce, "Wagga ba ta girki ba ce, ta idon mutane ce. Randa na zo ban gan ta a nan ba, ni da ke ne."

Wata bakwai ke nan Ummi na goge ta kowace safiya, ko ruwa bai taɓa shiga cikinta ba.

Mijinta Jibo gyaran fanka da dutsen guga yake yi a bakin kasuwa, amma da hannunsa ya rubuta "Injiniya" a allon shagonsa. Mutum ne mai fara'a da son mutane. Abu ɗaya ne kawai: duk abin da ya gani sau ɗaya, to ya iya. Fankar ɗakinsu tun da ya gyara ta sai an tura ta da muciya take tashi.

Ranar Talata da la'asar ya shigo ɗauke da kwali a ka, ya dire a tsakar gida. Tuffa ce cike, jajaye da koraye, wasu sun ɗan bugu.

"Ummi, zo ki ga inda duniya ta kai."

Ya miƙo mata waya. Wata Baturiya ce ke yanyanka tuffa tana zubawa a wata farar tukunya, ta watsa sukari da girfa da kanumfari, ta rufe. Can sai ga ta tana shafa wani abu mai kauri, kalar ƙasa-ƙasa, a kan burodi. Ummi ba ta kalli burodin ba. Tukunyar ta kalla.

"Man tuffa ke nan," in ji Jibo. "Awa goma a ƙaramar wuta, ba a buɗewa, ba a juyawa. Tukunyar sannu-sannu ake ce mata. Wata bakwai muna kwana da arziki a saman kabet ba mu sani ba!"

"Malam, ta jere ce."

"Za ta koma jeren. Ai ba cinye ta zan yi ba."

"Gwaggo ta ce..."

"Gwaggon na yi wa waya ɗazu. Na ce mata ranar Asabar, sunan jaririn Anas, kada a saya wa maza komai na shafa burodi. Ni Injiniya zan kawo abin da Furfuri ba ta taɓa ɗanɗana ba."

"Ka gaya mata a wace tukunya?"

Jibo ya sosa ƙeya. "Ba ta tambaya ba."

Anas ɗan Gwaggo ne na fari, kuma wannan ne jikanta na farko. Ke nan duk dangi za su hallara. Ummi ta tsaya tana kallo mijinta ya hau kujera ya sauko da tukunyar, ya bar wani da'irar wuri mai sheƙi a saman kabet, kamar inda aka cire haƙori.

Laraba da safe aka fara. Jibo ya ware tuffar da ta bugu gefe, ya ce waɗannan ba su kai matsayin aikinsa ba. Sauran Ummi ta fere, shi ya ba da umarni. Ya zuba sukari, ya zuba girfa, sannan ya tsaya ya dubi tukunyar ya ce Baturiyar nan ta manta da ruwa, ya ƙara moɗa biyu. Da aka zo jonawa, bakin igiyar ya ƙi shiga soket. Kafin Ummi ta buɗe baki ya ciro filaya ya datse shi, ya fere wayoyin da haƙori, ya cusa su a bango ya tokare da tsinken ashana.

Ummi ta tsinci guntun da ya faɗi ta ƙulle a bakin zaninta.

'Yar jar fitila ta kama a jikin tukunya. Jibo ya ja kujera ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Ƙarfe tara. Bakwai na yamma ki tanadi burodi."

Tara da minti arba'in aka ɗauke wuta.

Suka zauna. Azahar ta yi, la'asar ta yi. Ummi ta taɓa jikin tukunyar ta ji ɗumi kamar na jikin jariri.

"Malam, ko in juye a tukunyar ƙasa in ɗora a garwashi? Da zafin nan, abin da aka ɗumama aka bari..."

"Ke ilimin murhu gare ki, wannan kuma kimiyya ce." Ya ɗauko gawayi ya rubuta 40 a bango. "An ce awa goma. Wa ya ce miki sai a jere? Tarawa za mu yi. Minti arba'in yana ajiye a ciki, ba inda za shi."

Da ya ga wutar ba ta da niyyar dawowa, sai ya rungumi tukunyar ya fita. Teburin Bawa mai shayi a jikin zaurensu yake, kuma Bawa na da ɗan inji da yake yi wa mutane cajin waya. Ummi ta laɓe bayan ƙyaure tana leƙe ta tsaga.

"Injiniya, yau kuma amarya aka kai wa kayan ɗaki?" in ji Bawa.

"Matsa mini da wuta. Nan da wata ɗaya kai da kanka za ka zo gidana kana roƙon kwalba ɗaya, burodinka ya daina shaƙe mutane."

"Burodina bai taɓa shaƙe mai haƙuri ba. Me ke ciki?"

"Man tuffa."

"Tuffar nono take yi?"

Aka kwashe da dariya. Jibo bai kula ba, ya tsuguna bayan teburi yana 'yan dabarunsa. Aka ci gaba da hira. Sai da aka fi awa ɗaya wani mai babur ya zo karɓar wayarsa, ya danna, ya ga baƙi ƙirin.

"Bawa! Tun azahar na kawo wayar nan!"

Bawa ya leƙa. Wayoyi tara a jere, duk an zare su, tukunya kaɗai ke shan wuta da 'yar jar fitilarta.

"Jibo!"

"Injiniya dai."

"Injiniyan uwar wa? Fitar min da wannan kaskon kafin in kifar da shi!"

Ummi ta dafe ƙirji. Jibo ya shigo da tukunyar a rungume, hularsa a karkace, ya wuce kai tsaye wurin bango ya rubuta awa ɗaya da minti ashirin. "Biyu cif. Saura takwas. Hassada ce kawai ke damun mutanen unguwar nan."

Alhamis ma ba wuta. Jibo ya tuna mijin yayarsa Rabi, Ɗahiru, yana da sola a Tsafe, da ita yake sanyaya zoɓo da kunun aya na sayarwa. Ya shimfiɗa leda a bakin tukunyar, ya danna murfi, ya kawo robar ɗaure kaya ya zagaye ta sau shida, don kada minti ɗaya ya tsere a hanya.

Ummi ta riga ta sa hijabi.

"Ina za ki?"

"In gaida Yaya Rabi." Ta sunkuyar da kai. "Kuma in riƙe tukunyar a cinya."

Haka suka shiga motar Tsafe, mutum biyar a layin mutum uku, tukunya a cinyar Ummi, duk ramin da aka faɗa sai ta ji shi a haƙarƙarinta. Jibo kuwa tun daga tasha ya fara yi wa fasinjoji bayanin kamfanin da zai buɗe. Kafin a kai Kwatarkwashi ya ɗauki wani tsoho aikin gadi.

Ɗahiru mutum ne mai kunyar surukai. Da Jibo ya ce awa takwas kawai yake so, ya yi ta murza gemu, ƙarshe ya ce to. Jibo ya zare firji ya jona tukunya.

"Firjin fa?" in ji Ɗahiru.

"Sanyin da ya tara yana ajiye a ciki, ba inda za shi."

Damina ce. Ba a yi awa biyu ba hadari ya haɗo daga wajen 'Yankuzo, rana ta ɓace, akwatin solar ya fara ƙara tit, tit, tit, kamar ɗan tsako ya ɓata. Jibo ya ce wannan ƙaramin abu ne, ya ciro sukundireba. Ɗahiru ya sha gabansa ya ware hannuwa.

"Don girman Allah, suruki. Fankata ma ba ta warke ba."

Yaya Rabi ta fito daga madafa ta buɗe firji. Ƙullin zoɓo duk sun saki jiki, na kunun aya sun kumbura. Ta dubi ƙaninta sama da ƙasa, sannan ta sunkuya ta kara kunne a jikin tukunya.

"Jibo, abin nan naka magana yake yi."

"Dahuwa ce."

"Ba wuta?"

"Yaya, ba za ki gane ba. Zafin da ya sha jiya ne yake aiki yau."

Rabi ta juya ga Ummi. "Ke kuma kina kallo? Ba ta jerenki ba ce wannan?"

Ummi ta ce, "Ita ce," da muryar da ko ita da ƙyar ta ji.

"Inna Hassana ta sani?"

Ummi ta girgiza kai. Rabi ta tafa hannu ta ce Allah ya kai ta ranar Asabar da rai da lafiya, ko a ƙafa ne sai ta je Furfuri.

A hanyar dawowa aka tsayar da motarsu a shinge. Wani jami'i ya leƙo ta taga, idonsa ya sauka kan cinyar Ummi: abu fari, ɗaure da roba, wayoyi biyu tsirara na lilo, yana fitar da wani siririn sauti, tsss.

"Mene ne wannan?"

Jibo ya gyara zama. "Yallaɓai, wani aiki ne nake haɗawa. Ranar Asabar za ku ji labarinsa, a cikin taro zan buɗe."

Kafin ya rufe baki an ce kowa ya sauko. Fasinjoji suka watse cikin gonar gero, tsohuwa ɗaya ta bar takalminta. Ummi kaɗai ta rage a mota, don ba ta ga inda za ta ajiye tukunyar ba tare da ta goge ba.

"Ranka ya daɗe, tuffa ce," ta ce. "Da sukari."

Jami'in ya matso a hankali ya leƙa ta gilashin murfi, ya ga kumfa na hawa tana sauka. Ya shinshina, ya ja da baya yana murza hanci.

"Matarka ce?" ya tambayi Jibo.

"Ita ce."

"To daga yau in an yi tambaya, ka bar ta ta amsa."

Har Gusau ba wanda ya yi wa Jibo magana a motar. Tsohon da aka ɗauka gadi da safe, wanda suka sake haɗuwa da shi a dawowa, ya ce ya ajiye aikin.

Juma'a lissafin bango ya nuna awa huɗu ba minti goma. Jibo ya ɗora tukunya a baro ya shiga gari farautar wuta, ya ce wannan karon ba sai ta bi shi ba. Ummi ta tsaya a ƙofa har baron ya sha kwana, sannan ta koma ta zauna ta tasa kwalin tuffar da aka raina a gaba.

Ta yanke wuraren da suka bugu, ta fere sauran. Ba ta sa ruwa ba, don ta lura Baturiyar ba ta sa ba. Ta zuba a 'yar tukunyar ƙasa da sukari da girfa, ta hura gawayi har ya zama garwashi, ta barbaɗa masa toka yadda Gwaggo ke yi in za ta dafa ƙafar saniya. In ya yi sanyi ta tona, in ya yi zafi ta rufe. Ta yi shara ta dawo ta juya, ta yi wanki ta dawo ta juya. Tuffa ta narke, ta yi ja, ta koma kalar ƙasa. Kafin magariba muciya na tsayawa a ciki, tsakar gida na ƙamshin girfa. Abin da ya fito bai fi cikin kwalba ɗaya ba.

Jibo ya dawo wujiga-wujiga. Wani mai walda ya ba shi minti talatin, wani mai kemis ya ba shi arba'in kafin ya ce warin na korar masa marasa lafiya.

"Biyar cif. Rabi ke nan."

Ummi ta miƙa masa kwalbar da hannu biyu. "Malam, ga wannan. Ka kai musu ita gobe, ka ce kai ka yi. Tukunyar sai in wanke ta ta koma wurinta."

Ya ɗaga kwalbar ya duba a haske. "A me kika yi?"

"A garwashi."

"Allah sarki." Ya mayar mata yana murmushi irin na malami ga ɗaliba mai ƙoƙari. "Kin yi ƙoƙari. Amma maza sittin, Ummi, da wannan 'yar kwalba? Kuma na murhu? Ki ajiye ki riƙa lasa. An ce mini Bunguɗu suna samun wuta da sassafe, saura kuma a injin da aka ɗauko na lasifika. A gaban jama'a zan kammala, kowa ya shaida."

Ummi ta saka kwalbar a jakarta. Ta ɗauko zanin atamfa mafi kauri ta naɗe tukunyar ruf, ta ƙulle sama, ta bar wayoyin kawai a waje. In dai Gwaggo ba ta ga fuskarta ba, ƙila a rabu lafiya.

Asabar, wani mai aski a Bunguɗu ya ba su awa ɗaya, ya yi ta feshin turare a shagonsa yana tambaya ko ɓera ya mutu a silin. Sun isa Furfuri an gama raɗin suna, an yanka rago, maza na zaune a tabarmi ƙarƙashin rumfa. Butocin shayi sun iso, burodi tuli a faranti, ba abin shafawa, don Gwaggo ta riƙe maganar surukinta.

Ummi ta shige cikin gida ta durƙusa ta gaida Gwaggo.

"Ɗiyata, kin rame. Ina ɗakinki? Komi na nan yadda munka jera?"

"Lafiya lau, Gwaggo," in ji Ummi, tana kallon ƙasa.

"Ina abin da mijinki ya cika mu da zancenai?"

"Yana waje."

Mata suka taso zuwa zaure don su gani, Yaya Rabi a gaba ta samu wuri mai kyau. Ummi ta maƙale a bayan kafaɗar wata.

Jibo ya riga ya zare lasifika ya jona ƙunshinsa. Mai sanarwa na tsakiyar kiran sunan waɗanda suka zo daga nesa muryarsa ta ɗauke. Liman, dattijo cikin farar babbar riga sabuwa, ya dubi burodin da ke hannunsa ya dubi Jibo.

"Malam Jibo, shayi na hucewa. Yaushe abin zai nuna?"

"Saura awa huɗu, Allah gafarta Malam."

Rumfa ta ɗauki guna-guni. Wani ya ce shi daga Nahuce ya taso ko karyawa bai yi ba. Wani ya ce a ba su burodinsu haka nan, sun saba. Anas, uban jariri, ya matso ya raɗa wa Jibo cewa don Allah ya rufa musu asiri.

Jibo ya ga taro na neman kuɓuce masa. Ya miƙe ya gyara hula.

"Jama'a! A ƙa'ida awa goma ne. Amma wannan awa shidan da ya sha, wutar garuruwa uku ce: ta Gusau, ta Tsafe, ta Bunguɗu. Ko can Turai ba a taɓa yin mai irin wannan ba. Allah gafarta Malam, matso da burodinka, da kai za a fara."

Liman ya matso. Jibo ya kwance zanin Ummi ya yar gefe. Tukunya ta bayyana fara tas a tsakiyar rana. Ummi ta rufe ido, ta sake buɗe ɗaya.

Ya karɓi wuƙar mahauci ya sa a robar.

Fuuum!

Murfi ya yi sama. Kumfa ruwan ƙasa ta biyo shi kamar an buɗe famfo, ta wanke gaban rigar Liman daga gemu zuwa gwiwa, ta sauka a farantan burodi, ta cika hular Anas da ke ajiye a tabarma. Jibo kansa sai idanu ake gani. Sannan warin ya taso, mai tsami, mai hawa ka, ya bi rumfar layi-layi.

Mutane suka toshe hanci.

Wani dattijo ya shinshina. "Wannan warin kamar na..." Sai ya yi shiru.

"Kamar na me, Alhaji?" in ji na kusa da shi.

"A'a, ni ban sani ba. Ina zan sani?"

"Ni ma ban sani ba."

"Ni dai na taɓa wucewa ta wata unguwa a Legas," in ji wani direba, "a guje kuwa."

"Subhanallahi," in ji Liman, ya ware hannuwa nesa da jikinsa. "Malam Jibo, kwana nawa abin nan a rufe?"

"Huɗu. Amma awa shida kawai ya..."

"Da sukari? A wannan zafin?" Liman ya dubi sama. "A kawo ruwa. Da yawa. Kada wanda ya taɓa burodin nan."

Akuyar Gwaggo ba ta ji wannan fatawa ba. Ta riga ta kafa kai a faranti.

Shi kuwa murfin, da ya gama tafiyarsa a sama sai ya faɗo kan tulin yashi, ya mirgino a gefensa, ya bi ta tsakanin takalman mutane, ya zo bakin zaure ya yi juyi biyu ya kwanta a gaban ƙafar Gwaggo Hassana. Ko tsaga bai yi ba. Ɗigon jan farce uku suna kallonta.

Gwaggo ta sunkuya ta ɗauka. Ta goge da bakin mayafi. Ta daɗe tana dubawa.

"Ummi."

Mata suka dare, suka bar Ummi a fili.

"Wagga tukunya ta jere ce ko ba ita ba?"

"Ita ce, Gwaggo."

"Ke kinka ba shi?"

Ummi ta dubi wajen rumfa. In ta ce e, ta yi ƙarya. In ta ce a'a, ta tona mijinta a gaban dangi, ga shi can tsaye kumfa na ɗiga daga kunnensa. Sai kawai ta sa hannu a jaka ta ciro kwalbar, ta durƙusa ta miƙa.

"Mi ne ne kuma wanga?"

"Abin da ya ce zai kawo ne."

Gwaggo ta buɗe da nesa-nesa, ta shinshina a tsorace. Sai ta matso da shi. Ta lakata da ɗan yatsa ta kai baki. Ta sake lakata, wannan karon da yawa.

"A mi kinka dafa?"

"A tukunyar ƙasa. Da garwashi da toka, yadda kike yi wa ƙafar saniya."

Gwaggo ta dubi kwalba, ta dubi farar tukunyar da ke ta aman kumfa, ta dubi surukinta. Kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa bango, mata suka ɗauka, Yaya Rabi har da zama a ƙasa.

Aka sayo sabon burodi a bakin hanya. Kwalba ɗaya ba ta isa maza sittin ba, sai aka riƙa ɗiga wa kowa a bakin cokali. Liman, sanye da aron rigar Anas da ta tsaya masa a ciki, ya tauna nasa ya lumshe ido ya ce wannan kam halal ne, Allah ya yi wa mai hannun albarka.

Jibo ya share fuska ya ɗanɗana nasa. Ya gyaɗa kai a hankali.

"Yawwa. Haka nawa zai fito da an bar shi ya cika awa goma. Ai ni na nuna mata a waya."

"Injiniya," in ji direban nan, "ga akuya can tana neman ƙari."

Akuyar na tafe a karkace, ta yi karo da turmi ta tsaya tana kallonsa.

Gwaggo ta sa aka wanke tukunyar sau bakwai, ita da kanta ta yi na ƙarshe. Sannan ta kira Jibo. Ya zo ya tsuguna nesa, hula a hannu.

"Gwaggo, wallahi lissafin daidai yake, wutar ce..."

"Miƙo min wuƙar can."

Ta kama igiyar wutar ta datse ta daga gindi, ta naɗe a hannu ta rataye a ƙusar zaure.

"Tukunyar jere mi za ta yi da wutsiya?" Ta miƙa wa Ummi tukunyar. "Ki maida ta inda na aje ta. Kuma in za ki zo, ki taho min da kwalba biyu."

Lahadi da safe Ummi ta hau kujera ta ɗora tukunyar a kan da'irarta, ta juya ɗigon jan farcen suna kallon ƙofa. Tana saukowa aka kawo wuta.

Tara ta yi, sha biyu ta yi, la'asar ta yi, ba a ɗauke ba. Fanka na ta juyi tun turin farko. Jibo na kwance a tabarma yana kallon ƙwan fitila, yana motsa baki yana ƙirga awoyi. Da aka shiga ta goma ya tashi zaune. Ya dubi saman kabet. Ya dubi lungun da ake ajiye dutsen guga, mai doguwar igiya sabuwa.

Dutsen gugar na nan, amma igiyar ba ta nan. Ummi ta riga ta cire ta, tana zaune a kanta, tana tsince shinkafa, kanta a sunkuye.